Magenmu ta mutu ta bar jarirai cikin sanyin nan, yaya zan yi da su?

Maman Hanan (Anguwan Rogo):

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya taɓa rainon 'ya'yan mage da hannunsa ya taimaka min, abin nan yana nema ya fi ƙarfina.

Shekara uku ke nan muna da mage a gidan nan. Yara ne suka sa mata suna Ladi, don ranar wata Lahadi ta shigo mana a rame, ta zauna bakin madafa ta ƙi tafiya. Tun zuwanta ban ƙara ganin kashin ɓera a buhun masara ba. Ranar Alhamis da ta wuce ta haihu a kwalin da nake zuba ƙyallaye, ƙarƙashin keken ɗinkina. 'Ya'ya huɗu. Kwana huɗu tana kansu, ba ta fita sai dai ta ci abinci ta zagaya ta dawo da gudu. Ranar Litinin bayan la'asar ta fita, har muka rufe gida ba ta dawo ba. Jiya Talata da safe Abba ya gano ta a bayan katanga ta riga ta sandare, da kumfa a bakinta. Maigidan ya ce da alama ɓeran da ya ci guba ta kama, don ana sa maganin ɓera a layinmu. Ban riƙe kowa a raina ba, kowa abincinsa yake karewa, amma wallahi na yi kuka kamar mutum na rasa.

To 'ya'yan sun kwana su kaɗai daren Litinin, kun kuwa san sanyin da ake zubawa a Jos cikin watan Janairun nan. Da asuba digiri 11 wayata ta nuna. Da na tabbatar uwar ba za ta dawo ba sai na dama madarar gari irin ta shayinmu, na ɗauko ƙaramin cokali. Ukun sun ɗan lasa, rabi a baki rabi a jiki. Na huɗun, ƙaramin cikinsu mai ja-ja, shi ko kukan ma ba ya yi, jikinsa sanyi ƙalau kamar daga randa aka tsamo shi. Na ce wannan yunwa ta fi cinsa. Sai na rigingine shi a tafin hannuna yadda ake riƙe jariri, na buɗe bakin na ɗura masa. Can sai ga madarar tana fitowa ta hancinsa. Kafin isha'i ya cika. Hanan, 'yata mai shekara bakwai, ita ta naɗe shi a ƙyalle suka binne da Abba a gindin gwaiba. Yau ta ƙi zuwa makaranta, tana nan zaune gaban kwalin.

Saura uku, yau kwanansu shida. Idanunsu a rufe, kunnuwan a manne da kai, cibiyar biyu ta faɗi, ta ɗayan tana nan a bushe kamar zare. Jiya ban runtsa ba saboda kukansu. Abin da ya fi tayar min da hankali, tun jiya ban ga fitsari ko kashi a kwalin ba, cikinsu kuma ya yi tam. Sannan na ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe suna gudu cikin gashinsu, Abba har ya ɗauko maganin sauro na fesawa, na ce ya dakata tukuna.

Wace madara zan ba su? Nawa, kuma sau nawa? Me ya sa ba sa bayan gida? Surukata ta ce in haƙura, ɗan magen da bai buɗe ido ba ba ya rayuwa ba uwa, in sa Abba ya kai su bola tun kafin su mutu min a ɗaki. Ni kuwa ba zan iya ba. Uwarsu ta yi mana hidima shekara uku.

Ɗan Rikkos:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki haƙuri Anti, Allah ya saka miki da alheri da kika ƙi zubar da su. Ki daina amfani da cokali, ki aika kemis a sayo miki ƙaramin sirinji ki cire allurar, ya fi sauƙi. Madara kuma ina ganin gara ki samu ta shanu sabuwar tatsa wajen Fulani, tunda ita ba a yi mata haɗi ba. Batun sanyi, ki hura garwashi a kasko ki ajiye kusa da kwalin ki rufe ƙofa da taga, haka muke yi wa 'yan tsaki.

Goggo (Gangare):

Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa mata. 'Yata, sannu da rashi, sannu da ƙoƙari. Ki ajiye madarar nan tukuna ki saurare ni.

Tun ina amarya nake da maguna, yanzu ga ni da jikoki goma sha ɗaya. Waɗanda na raina da hannuna ba uwa sun kai goma. Waɗanda suka mutu min a farkon koyo su ma ina tuna su. Wanda kika rasa jiya ba yunwa ce ta fara kama shi ba, sanyi ne. Ɗan mage sabon haihuwa ba shi da ɗumin kansa, na uwarsa yake ara. Ba ki ga yadda take naɗe su da jikinta ba? In ya yi sanyi cikinsa tsayawa yake yi, haɗiyar ma ba ya iyawa, duk abin da kika zuba masa ko ya zauna a ciki ya lalace ko ya bi ta huhu. Ba a ba ɗan mage mai sanyi abinci, ko ɗigo. Kada ki zargi kanki, ni ma sai da na yi wannan kuskuren kafin wata tsohuwa a gidanmu ta nuna min.

Yanzu ki taɓa tafin ƙafarsu da kunnuwansu, ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a bakinsu. In kin ji sanyi, ki ɗaure su a ƙirjinki cikin riga, fata da fata, ki yafa zani, ki zauna da su kamar awa guda. A hankali ake ɗumama su, ba a kanga su ga wuta. Idan suka fara mutsu-mutsu suna neman nono a jikinki, to lokacin cin abinci ya yi.

Kwalin kuma ki ɗauke shi daga kan siminti, simintin Jos da daddare ƙanƙara ne. Ki ɗora a kan katako ko tsohuwar katifa, nesa da bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Ki cika gorar roba da ruwan zafi, ki zura ta cikin safa mai kauri, ki ajiye gefe guda. Gefe guda na ce, ki bar musu ɗaya ɓangaren, in zafi ya ishe su su mirgina can. Ki lulluɓe saman da zani ki bar kafa. Duk lokacin da kika tashi ba su madara ki sake ruwan, don haka ki kwana da fulas cike a gefenki.

Ɗana na Rikkos, shawararka ta sirinji ta yi, amma garwashi a rufaffen ɗaki, a'a. Wata shekara ana sanyi irin wannan na yi haka, na hura kasko na rufe ko'ina don tausayin wasu 'yan maguna biyu. Da asuba na tashi kaina kamar zai rabe, na kasa tsayuwar sallah, su kuwa biyun nan ba su tashi ba. Allah ne ya sa akwai sauran kwanana. Garin neman gira kada a rasa ido, akwai yara a ɗakin.

Batun bayan gida kuwa, ba ciwo ba ne. Su ba sa iya yi da kansu sai uwa ta lashe musu wurin, shi ya sa ba ki taɓa ganin ƙazanta a kwalin ba lokacin da Ladi take nan, ita take tsabtace komai. Yanzu ke ce harshenta. Ki samu auduga ko ƙyalle mai laushi, ki jiƙa da ruwan ɗumi, ki riƙa shafa ƙarƙashin wutsiya a hankali, shafa-shafa ba gurza ba. Fitsari zai zo nan take, za ki ji ɗuminsa a hannunki. Ki ci gaba har ya tsaya. Kashi ba kullum-kullum yake zuwa ba, sau ɗaya a yini ma ya isa, wani lokaci ya tsallake yini. Duk ciyarwa ki yi musu haka, sannan ki goge su su bushe sarai kafin ki mayar, don jiƙaƙƙen ɗan mage a garin nan ya kama hanyar tafiya. Ki je ki yi musu yanzu ma, tun jiya suna riƙe da fitsari.

Ni da madarar akuya nake raino. In akwai mai akuya mai shayarwa a layinku, ko ki aika 'Yan Shanu a tambaya, ki samu ko kofi guda. Ki tafasa ta ta huce, ki fasa ƙwai ki ɗebi gwaiduwar kawai ki kaɗa a ciki, ban da farin. Ki ɗiga a bayan hannunki, ɗumin jiki ake so. Wajen ba su kuma, rub da ciki a kan cinyarki, kan ya ɗan ɗaga, yadda suke kwanciya a jikin uwarsu. Ba a rigingine su. Ki sa bakin sirinjin ta gefen baki, ɗigo ɗaya, ki jira ya haɗiye, sannan wani. Kada ki matsa da ƙarfi don kin ga yana kuka. In ya ƙoshi da kansa zai kau da kai, cikin ya yi ɗan tulu amma da laushi.

Surukarki ki ba ta haƙuri, ki yi mata magana mai daɗi, abin da ta gani a rayuwa ta faɗa, kuma gaskiya da yawansu ba sa yi. Amma bola ba wurin mai rai ba ne. Mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Mun kuma ji cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ki yi naki, rai na Allah ne.

Maman Hanan (Anguwan Rogo):

Goggo, Allah ya ƙara girma, Allah ya raya zuri'a. Ina karantawa na tashi na yi. Ina shafawa ɗaya bayan ɗaya fitsari ya zubo, rawaya sosai, har ya jiƙa min zani, sai kukan ya ragu. Yanzu haka ukun suna cikin rigata ina rubutun nan da hannu ɗaya. Maƙwabciyarmu tana da akuya mai 'ya'ya biyu, ta ce da yamma za ta tatso min.

Malamin Dabbobi (Bukuru):

Wa alaikumus salam. Ni ba cikakken likita ba ne, ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, a kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom na yi karatu, kuma shekaru ina aiki da likitoci. Abin da Goggo ta faɗa ko a aji haka ake koyarwa, ɗumi tukuna, sai fitsari, sai madara. Zan ƙara miki lissafi ne kawai, Hajiya, da kuma abubuwan da ke kashe su a gidajenmu ba da niyya ba.

Da farko ki ajiye maganin fesawar nan nesa. Ƙwarin da kika gani ƙuma ce, kuma gaskiya tana da haɗari, jini take sha, ɗan halitta mai nauyin giram ɗari da 'yan kai ba shi da jinin da zai raba da ita. Ki ɗaga leɓensu ki duba dasashi, ja-ja mai haske ake so, in ya yi fari fat jini ya yi ƙasa. Amma maganinta a wannan shekarun hannu ne: mataji mai ƙananan haƙora, irin na kwarkwata, da kofin ruwan sabulu a gefe kina tsoma duk wadda kika kama. Ki sake kwali, ki wanke ƙyallayen da ruwan zafi ki shanya a rana, don ƙwayayen suna cikin shimfiɗa. Kada Sniper ya kusance su. Kada a ɗiga musu maganin ƙumar kare, da yawansa akwai sinadarin permethrin, shi kuwa ko babbar mage yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Kada a yi musu wanka da Dettol ko Izal, ko a goge kwalinsu da su. Kuma ki gaya wa duk mutanen gidan, ba a ba mage farasitamol, komai ƙanƙantarsa. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi, ƙwaya ɗaya tana kashe babba. Na sha ganin an kawo mage fuska a kumbure, dasashi ya koma ruwan ƙasa, a ce ai zazzaɓi aka ga tana yi aka taimaka mata. Albasa da tafarnuwa ma guba ne gare su, ki riƙe wannan don gaba lokacin da za su fara cin abincin gida.

Madara. Ta shanu, ko ta gari ko sabuwar tatsa, ba ta dace ba. Nonon mage ya ninka na saniya furotin, ya fi shi maiƙo, ita kuma ta shanu tana yawan sa su gudawa, gudawa kuwa cikin yini guda take tsotse ɗan mage. Ta jariran mutane ta fi ma rashin ƙarfi. Akwai madarar da aka yi musamman don su, irin su KMR da Royal Canin Babycat Milk, ana samu a shagunan kayan dabbobi, sai dai da tsada kuma ba kullum ake samunta a Jos ba. Garin KMR awo ɗaya ake damawa da awo biyu na ruwan ɗumi. Ta akuya da gwaiduwa da Goggo ta ce, ita ce mafi kyau cikin abin da ke hannunki yau, kuma ta raya da yawa, amma ita ma ba ta kai nonon uwarsu ba. In da hali a nemo ta gwangwanin, ko da ta sati ukun farko ce. Gwaiduwa ɗaya a kofi guda na madara. Tunda wuta ba ta zama, ki riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, wadda ta daɗe a waje a zubar, sirinjin kuma a wanke da ruwan zafi bayan kowace ciyarwa.

Nawa za ki ba su? Nan sikeli yake da amfani. Ki aro ƙaramin sikelin masu kek, ki sa kwano a kai ki auna kowanne kullum da safe, ki rubuta a littafi. Ana haihuwarsu da kamar giram 100, kuma ya kamata su riƙa ƙara giram 10 zuwa 15 kowace rana. Cikinsu yana ɗaukar kamar mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinsu, a zama ɗaya. Wato mai giram 130 kada ya wuce mililita 5. Tunda sun yi kwana biyu ba su ci sosai ba, ki fara da 2 ko 3 ki riƙa ƙarawa. Duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare, har su cika sati biyu. A sati na uku sai ki koma awa huɗu. Na san da wuya, ki raba dare da wani a gidan. Wanda ya yi kwana biyu bai ƙara nauyi ba, ko ya ragu, ko ya daina kuka ya yi laƙwas, to ki shafa masa 'yar zuma ko ruwan sukari a dasashi, ki sa shi a jiki, ki kawo shi asibitin dabbobi a ranar, kada ki jira gobe. Haka in kika ji numfashinsa yana ƙara ko madara ta fito ta hanci.

Abu ɗaya da zai kwantar miki da hankali: sun sha dakashin uwarsu. Kariyar da ke cikin nonon farko a yinin farko kawai jikinsu yake iya ɗaukarta, su kuwa sun samu kwana huɗu cur. Waɗanda aka tsinta ranar haihuwa sun fi su wahala nesa ba kusa ba.

Ido zai fara buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 14, daga kusurwa yake fara tsagewa. Kada Hanan ta taya shi da yatsa. In kika ga fatar idon ta kumbura ko kwantsa mai kama da mugunya tana fitowa, ki dafa da auduga mai ruwan ɗumi ki kawo a duba, don yana iya cinye idon a rufe. Maganin tsutsar ciki daga sati biyu zuwa uku, amma a bar likita ya auna gwargwadon nauyi. Allurar rigakafin farko tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan sati uku ko huɗu, ta ciwon haukan kare kuma a wata uku. Mu da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take nan Vom a ƙofar gidanmu tun 1924, bai kamata a ce muna barin dabbobin gida ba allura ba. Yara su riƙa wanke hannu kafin su taɓa su da bayan sun taɓa, saboda su da kuma saboda makero.

Ummu Sudais (Kubwa, Abuja):

'Yar'uwa sannu da aiki. Kafin ki gaji, ki baza yara cikin unguwa su tambayo ko akwai magen da ta haihu kwanan nan. Bara na tsinci biyu a cikin kwali bayan shagonmu, sai aka ce akwai mai jego a gidan wata baiwar Allah. Muka goga musu tsumman da 'ya'yanta ke kwanciya a kai, muka sa su a tsakiya lokacin da ta fita. Da ta dawo ta shinshina, ta yi gurnani kaɗan, ina tsaye gabana yana faɗuwa, can sai ta kama lasarsu. Ba kowace take karɓa ba, dole ki tsaya a kai, amma in ta karɓa kin huta su ma sun huta. Maganar da ake yi cewa in mutum ya taɓa su uwa za ta ƙi su, ni dai ban gani ba, nawa sun sha hannu kafin ta karɓe su.

Ina da ragowar rabin gwangwanin madararsu da ƙaramar kwalba mai nono, lokacinta bai wuce ba. Ki yi min magana ta akwatin saƙo, gobe in ba direban motar Jos, kafin la'asar ta iso ki.

Maman Hanan (Anguwan Rogo):

Jama'a na dawo, ku gafarce ni shirun sati uku, barci ne ya yi min ƙaranci. Ukun suna raye, alhamdu lillahi.

Mai jego ba mu samu ba, Abba ya zaga har Anguwan Rimi, wadda aka samu 'ya'yanta sun riga sun girma nonon ya kafe. Saƙon Ummu Sudais ya iso, Allah ya biya ki da gidan Aljanna, kwana tara ya yi mana sannan na koma ta akuya. Dare muka raba da maigidan, ni ƙarfe sha biyu da ƙarfe biyu, shi kuma in ya tashi kafin asuba ya sake ruwan gora ya ba su. Littafin awon ɗinkina shi ya koma littafin nauyi. Ranar farko giram 128, 121 da 104. Yau da safe 392, 370 da 295.

Ƙaramar ita ta ba ni tsoro. Daren kwana na goma sha ɗaya na tashi na tarar ta mirgine can ƙarshen kwali nesa da gora, ta yi laƙwas, na ɗaga ta kan ya langaɓe. Hannuna har ya kai kan sirinji sai maganar Goggo ta faɗo min. Na shafa mata zuma a dasashi, na sa ta cikin riga, na zauna a kan sallaya ina jin bugun zuciyarta kamar na agogon hannu. Sai da aka kira assalatu na ji 'yan faratanta suna taƙushina tana neman nono. Da gari ya waye muka kai ta asibitin dabbobi, aka duba ta, aka ce sanyi ne da ƙarancin sukari. Tun daga ranar na rage faɗin kwalin da tawul don kada wani ya ƙara yin nisa.

Idanunsu duk sun buɗe, shuɗaye, an ce min nan gaba launin zai sauya. Haƙora sun fito, jiya babban ya huda nonon kwalbar. Suna tafiya tangal-tangal, wutsiya a miƙe. Na zuba yashi a tsohon faranti na ajiye musu, shekaranjiya na ga babban ya hau ya tona da kansa ya yi abinsa ya rufe, ba wanda ya koya masa. Hanan har da guɗa. Malam, an ba su maganin tsutsa kamar yadda ka ce. Tambayata yanzu, zan iya fara ba su abinci? Na dafa kifi na cire ƙaya tas na murje da madara a murfin kwalba, biyu sun lasa, ƙaramar ta taka ciki kawai.

Sannan mutane sun fara zuwa roƙo. Mai fari da baƙin, wadda ta ɗauko Ladi sak, Hanan ta ce ba inda za ta. Ƙaramar ma ban jin zan iya rabuwa da ita. Namijin ne zan bayar, amma sai gidan da aka yi min alkawarin ba a sa maganin ɓera.

Malamin Dabbobi (Bukuru):

Madalla Hajiya, nauyin nan ya yi kyau. Ki ci gaba da kifin, ko naman kaza da aka dafa ba gishiri ba albasa, da ruwa-ruwa, sau uku ko huɗu a yini, ki ajiye musu ruwan sha a abu marar zurfi. Kada ki yanke madara lokaci guda, ƙaramar ma ki bar ta a kan kwalba sai ta nema da kanta. Kada ki bayar da ko ɗaya kafin sati takwas, in kin iya kaiwa goma sha biyu ya fi, a jikin juna suke koyon wasa ba cizo. Matan biyu kuma ki tuna suna iya ɗaukar ciki tun suna wata huɗu zuwa shida, in kin kawo su allura sai ku yi maganar aikin hana haihuwa da likita.

Goggo (Gangare):

'Yata, namijin nan ki ajiye min shi. Muzuruna ya tsufa, haƙoransa sun zube, ɓeraye har gabansa suke wucewa. Gidana ba a taɓa sa guba ba, tarko ne sai mage. In ya cika wata uku an yi masa allurarsa, zan turo jikana da kwando mai murfi, kada a sa min shi a buhu. Ki haɗo shi da ƙyalle ɗaya cikin waɗanda suke kwanciya a kai, kada ki wanke.